Yadda ake fita da yaro mai galahanga cikin mutane, da yadda za ki yi da masu tsoma baki

Ɗan fari ne shi ya sa ba zan kama sunansa ba, shekararsa 9 yanzu, yana da galahanga, wato otizim kamar yadda likitoci ke faɗa. Lokacin yana shekara 5 na ɗauke shi zuwa Kantin Kwari ana saura kwana huɗu sallah, kinga tun nan ma ai na yi wauta. Ga cunkoso, ga janareta na ruri a kowane layi, ga wani mai tallan maganin basir da lasifika dab da kunnenmu, yaro ya toshe kunnuwa ya zube a ƙasa yana ihu yana buga ƙeya da siminti. Kafin kice me an zagaye mu. Wata dattijuwa ta ce "sangarta ce kawai, ki ban shi kwana uku ki gani", wani ya ce iska ce a kira malam, wani kuma har ya cire silifas wai zai tsorata shi. Ni kuma na juya ina ta bayani ina rantse-rantse, murya na rawa, ina so su yarda ni ba uwar banza ba ce. Da na waiwayo babu yaro a wajen, ya tashi ya yanki hanya, wani mai dako ne ya cafko shi saura kaɗan adaidaita ta kwashe shi.

Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan waiwayen ya samo asali. Lokacin da yaro ya birkice hankalinki ɗaya ne tal, in kika ba ƴan kallo to kin hana yaron. Ga yadda nake yi yanzu daki-daki, ki ɗauki wanda ya dace da naki dan wallahi ba a samun masu galahanga biyu da suke iri ɗaya.

Mataki na farko, ki fara gamsar da kanki

Maganar mutane tana yin zafi ne in ta tarar da shakka a zuciyarki. In can ƙasan ranki kina tunanin ko dai ni ce na lalata shi, to ko yaro ɗan tallan gyaɗa ne ya yi magana sai ta soke ki. Galahanga yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, yana taɓa magana da mu'amala da yadda yaro ke jin ƙara da haske da taɓawa, gado na da babban kaso a ciki, kuma an fi gano shi a maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, a Amurka inda ake bincike sosai rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, na 2025 ya ce 1 cikin 31 a yara ƴan shekara 8. Ba rashin tarbiyya ke kawo shi ba, ba kuma allurar rigakafi ba, wancan likitan na Ingila Andrew Wakefield da ya tayar da ƙurar rigakafi a 1998 an janye binciken nasa a 2010 an kuma hana shi aikin likita. In har yanzu ba a duba yaronki ba ki nemi ɓangaren yara ko na ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato. Ki roƙa a gwada kunnensa ma, kuma in yana yin wani abu kamar farfaɗiya ko ƙurawa waje ɗaya ido ki faɗa wa likita, dan tana yawan zuwa tare da galahanga.

Sai ki koyi bambance bori da birkicewa, wannan shi ne ginshiƙin komai. Bori shi ne yaro na son alawa kin hana, ya yi birgima yana satar kallonki ta wutsiyar ido, kina miƙa masa ya yi ɗif. Duk yara na yi, namu ma suna yi, kar mu mayar da su waliyyai. Birkicewa kuwa tukunya ce ta tafasa ta zubo, ƙara da zafi da yunwa da baƙin fuska sun taru sun fi ƙarfinsa, ba ya kallon kowa, ko duk alawar shagon kika juye masa ba zai daina ba, wani sa'in ma bai san yana jin ciwo ba. Na farko ana iya jan kunne a kansa. Na biyu duka a kansa daidai yake da dukan mai zazzaɓi dan ya daina rawar sanyi.

Na biyu, ki zama ƴar leƙen asirin ɗanki na sati biyu

Ki sami littafin ɗari biyu ko ki buɗe wajen rubutu a waya. Duk sanda ya birkice ki rubuta ƙarfe nawa, a ina, me ya faru kafin nan, ya ci abinci ko bai ci ba, ya yi barci da kyau jiya ko a'a. Ni da na yi sai na gane nawa abu uku ne manyan abokan gabarsa, ƙarar injin markaɗe da ta lasifika, ƙamshin turaren wuta mai ƙarfi, sai kuma a canja masa hanya ba a faɗa masa ba. Shekara biyu ina cewa haka kawai yake yi babu dalili, ashe dalilin yana nan ni ce ban gani ba.

Na uku, shirin fita

Rabin aikin a gida ake gama shi. Ki faɗa masa inda za ku tun da wuri, ko da ba ya magana yana ji, kuma da yawansu hoto ya fi shigarsu fiye da baki. Ina da hotuna a waya a jere, takalmi, adaidaita, gidan kaka, adaidaita, gida. Na nuna masa da daddare, na sake nunawa da safe, in mun gama ɗaya na nuna na gaba. Kuma kar ki yi masa ƙarya, in kin ce daga gidan kaka sai gida to kar ki ce bari mu ɗan biya ta wajen tela, wannan ɗan biyawar ita ke jawo mana abin kunya a titi.

Ki zaɓi lokaci. Kasuwa da sassafe ana buɗewa, ba bayan la'asar ba, ba kuma jajibirin sallah ba. Gidan biki ko suna ki je da wuri ki yi barka ki ba da gudummawarki ki fito kafin dije ya haɗa kayansa, wadda za ta ji haushi ta ji. In da hali ki ɗauki shatar adaidaita maimakon a cusa ku mutum huɗu cinya kan cinya, na san kuɗi ne a wannan zamanin na tsadar mai, amma gara ki rage yawan fitar ki yi ta da sauƙi.

Jakar fita kuwa kullum a haɗe take a bayan ƙofa. Ruwa a gorar da ya saba da ita, abincin da yake ci (nawa biskit iri ɗaya yake ci, in aka canja kwali ma ya ƙi), kaya na canji, hedfon mai rufe kunne gabaɗaya ko da ba a kunna komai a ciki ba, sai abin da yake riƙewa ya sami natsuwa. Nawa murfin kwalbar lemo ne guda shida a ƴar leda, yana jera su yana kwashewa, sau nawa ana ce min wai ki saya masa abin wasa na kirki mana. Murfin nan ya fi min mota mai rimot ta dubu talatin amfani.

Abu biyu kar ki manta su saboda ɓata. Ki rubuta lambar wayarki da ta babansa a ɗan ƙyalle a ɗinke a cikin rigarsa ko ki sa kati a aljihu, a rubuta cewa ba ya iya amsa tambaya. Sannan kafin ku fita ki ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa ranar. Yaranmu da yawa suna da sulalewa, kuma ruwa na jansu, in akwai kududdufi ko rijiya a buɗe a unguwar da kuka je nan za ki fara dubawa.

Kar ki fara da babbar fita. Shagon bakin layi, minti biyar, a sayi abu ɗaya a dawo, gobe ma haka. Sai a ƙara nisa a hankali.

Na huɗu, ki fita tun kafin tukunya ta zubo

Akwai alamu. Nawa yakan fara karkaɗa hannuwa da sauri fiye da yadda ya saba, ya riƙa maimaita wata magana ta katun, ya ja min hijabi. Karkaɗa hannun nan ko jijjiga jiki ba abin hanawa ba ne, da shi yake kwantar wa kansa hankali, in kika riƙe hannun dan kunyar mutane kin toshe masa mafita. Ina ganin alamun nan nake ajiye komai, ko ana tsakiyar ciniki ne, "Alhaji ajiye min zan dawo", mu nemi inuwa ko bayan masallaci inda babu hayaniya. Duk inda na shiga ma idona na fara neman ƙofa da lungun da za mu fake.

Na biyar, in ta riga ta zubo

Ki kawar da shi daga titi da wuta da duk abin da zai yanke shi, in yana buga kai ki sa tafin hannunki ko jakarki tsakanin kansa da ƙasa. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki ba mutane baya, da gangan nake nufi, bayanki ya zama katanga. Ki rage magana, wannan ne ya fi wuya, dan bakin uwa ba ya shiru, "yi haƙuri, me kake so, tashi mana, kalli mutane na kallonka" duk ƙarin itace ne a wuta. Kalma biyu ta isa, a hankali, "ina nan", ki yi shiru, can ki sake.

Ni hijabina ne tantinmu. Ina buɗe shi na lulluɓe mu duka biyu, haske ya ragu, fuskoki su ɓace, a ciki daga ni sai shi sai numfashinsa mai zafi a wuyana, na matse shi ta baya sosai dan shi matsa mai ƙarfi yake so, shafa a hankali kuwa kamar ƙaiƙayi take masa. Amma wani yaron taɓawa ma ba ya so a lokacin, in naki haka yake ki tsaya kusa kawai ki tsare shi. Zai iya ɗaukar minti goma, zai iya fin haka, kuma za ki ji kamar awa uku. Ki jira.

Na shida, mutane

Toh ga inda ake yinta. Mu dai mun tashi da ɗa na kowa ne, kuma ba abu ne mara kyau ba, ai shi ya sa mai dakon nan ya bi ɗana da gudu bai tsaya tambayar na waye ba. Amma shi ne kuma ya ba kowa lasisin faɗa da duka. Dan haka ba za ki hana su magana ba, abin da za ki yi shi ne ki haddace amsa tun daga gida, gajera, wadda za ta fito ko kina kuka, kuma ki faɗe ta ba tare da kin ɗauke ido daga yaron ba.

Tawa ita ce "Lalura ce da shi, a ba mu wuri dan Allah." Kalmar lalura tana aiki a wajen Bahaushe fiye da duk wani turanci, da an ji ta za ki ji an koma "Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya". Ba sai kin ce galahanga ba, dan wasu suna jin haka sai su fara wata sabuwar muhawarar.

Dattijai su ne suka fi yawan magana kuma su ne ba a ɗaga wa murya. In tsohuwa ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na ce "Gaskiya ne Hajiya, amma shi lalura ce, ki sa mana shi a addu'a." Kin ba ta girmanta, kin ba ta aikin yi, kin rufe zancen. In ta ci gaba ba na ƙara amsawa, shirun ma amsa ce.

Masu kawo magani su ma ba sa ƙarewa, wannan ya ce ɗan ruwa ne, wancan ya ce sammu ne na kishiya, wata ta ce ta san wani malami a ƙauye kaza kwana bakwai yaro ya fara magana. "Allah ya saka da alheri, yana ganin likita." Shikenan, kar ki karɓi lamba dan kara, in kin karɓa sai an bi ki har gida. Ni ina yi wa ɗana addu'a safe da yamma ina tofa masa, babu mai raba ni da wannan, amma duk wanda maganinsa ya haɗa da bulala ko hayaƙi a rufaffen ɗaki ko ɗauri da mari ko a bar masa yaro ya kwana, to ko waye shi a'a.

Wanda ya kai hannu kuwa nan kara ta ƙare. "Malam kar ka taɓa shi." Da ƙarfi, ki kalle shi ido cikin ido wannan karon, ba sai kin ce dan Allah ba. Haka mai ɗaga waya, dan yanzu abu kaɗan sai ki ga ɗanki a TikTok an sa masa kiɗa, "sauke wayar nan, yaro ne mara lafiya", yawanci jama'ar wajen ma za su taya ki.

Akwai kuma wanda da gaske taimako yake so bai san yadda zai yi ba, kar ki haɗa shi da sauran. Ki ba shi aiki takamaimai, "Yaya riƙe min jakar nan", "ɗan samari tsayar min da adaidaita", "Baba dan Allah ka ce su matsa". Mutum ɗaya da kika ba aiki sai ki ga ya zama shi ke korar miki ƴan kallo. Yara ƙanana masu tambayar me ya same shi su kam ina amsa musu, in ce ƙara ce ke yi masa ciwo a kunne, sai su ce oho su ci gaba da harkarsu, sun fi manya sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai mai baƙar magana dan ya ji daɗi, irin wanda zai ce wa ya sani ko alhakin wani ne. Wannan ba ki bin sa bashin komai, shi ma ba ya binki bayani. Na taɓa tsayawa na rama, na kuma yi nasara a cacar bakin, na dawo gida yaro ya kwana yana firgita saboda ihun da na yi a kansa.

In a asibiti ne ko banki ko wani ofishi, ki je wajen ma'aikaci tun kafin a fara, ki ce yaron na da lalura ba ya iya dogon layi, ko a ba ku lamba ku jira a waje a kira ku. Ba alfarma kike roƙa ba, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a fara ba su kulawa a layi, ta kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna musu wariya. Aiki da ita dai sai a hankali, amma sanin tana nan yana sa muryarki ta fita daban.

Na bakwai, ƴan gida ba kamar ƴan titi ba ne

Baƙo jimla ɗaya ce rabonsa, amma kaka da gwaggo da kawu za ku yi ta haɗuwa har ƙarshen rayuwa, su ne suka cancanci dogon bayani, kuma ba a lokacin da yaro ke ƙasa ba, sai an natsu. Abin da ya yi min aiki da surukata shi ne na roƙe ta ta raka mu asibiti, ta ji daga bakin likita da kunnenta, ta kuma ga wasu iyayen a benci da nasu yaran, har da manyan mutane masu motoci. Tun ranar ta daina cewa sangarta, yanzu ma ita ke hana a kunna turaren wuta in za mu zo.

Iyaye maza kuma dan Allah, in danginka ne suka yi magana kai ne za ka amsa, ba ita ba. Kalma ɗaya daga bakinka ta fi ɗari daga nata, in ta faɗa a ce rashin kunya, in ka faɗa a ce to. Ka riƙa fita da shi kai ma, ka kai shi masallacin unguwa lokacin da babu cika, ku tsaya ƙarshen sahu kusa da ƙofa nesa da lasifika, ka yi wa liman bayani tun kafin nan. In wani ya yi ƙorafi ka tuna masa cewa Annabi (SAW) yakan taƙaita sallah in ya ji kukan yaro saboda tausayin uwarsa, hadisin na cikin Bukhari.

Na takwas, bayan an dawo gida

Kar ki hukunta shi kan abin da ya wuce, ya gaji fiye da ke, ruwa, ɗaki mai duhu-duhu, a ƙyale shi. Ki rubuta abin da ya jawo a littafin nan. Ke ma ki sha ruwa, in kukan ne ki yi abinki, ki kira wata uwar mai irin ɗanki dan ita kaɗai za ki ce wa yau mun yi birgima a gaban banki ta yi dariya ta ce mu jiya ne. Irin waɗannan iyayen a bencin asibiti ake samunsu, ki karɓi lambar biyu ko uku ku buɗe guruf a WhatsApp.

Abin da kawai nake roƙonki kar ki kulle shi a gida. Bayan abin Kwari na yi wata huɗu ban fita da shi ko ƙofar gida ba, da na tashi fita da shi sai da muka koma farko, takalmi ma yaƙi ne. Mun sake farawa daga shagon bakin layi, minti biyar biyar. Mai shagon da farko har tsaki yake yi in ya ga yaro na jera masa gwangwanayen madara, wata rana da babu kowa na tsaya na yi masa bayani. Yanzu yana hango mu daga nesa zai miƙa hannu ya kashe rediyo, ya turo kwalin madarar bakin kanta, ya ce "Alhaji ƙarami bismilla, zo ka yi min lissafi."